Sharhi: Sabon wasan Pokémon ya gyara faɗa, amma ya fi ƙarfin aljihun matashin Wudil

A ranar 16 ga Oktoban 2025 ne aka fitar da Pokémon Legends: Z-A, sabon kashi a jerin wasannin gem na ƙasar Japan da kamfanin Game Freak ke ƙirƙira domin na'urorin hannu na Nintendo. Masu wasan sun ce an sayar da kwafi miliyan 5.8 a makon farko. Adadin na da yawa, sai dai bai kai miliyan 6.5 da Legends: Arceus ya samu a makonsa na farko a 2022 ba.

Ga wanda bai sani ba, wasa ne da mutum ke shiga rigar jarumin labari, yana yawo yana kama wasu halittu na almara, yana horar da su yana gwabza su da na abokan hamayya. An fara shi a ranar 27 ga Fabrairun 1996 a kan Game Boy da halittu 151. Yau sun haura dubu.

Babban abin da ya raba sabon da na baya shi ne salon faɗa. Kusan shekara talatin ana yin faɗan ne karɓa-karɓa, tamkar dara: ka yi naka ɗauki, ka jira abokin karawa ya yi nasa, kuma kana da damar yin nazari iya son ranka. A Z-A an koma salon dambe. Kowa na kai hari a lokaci guda, ɗan wasa na zagaya fili yana kauce wa bugu, kowane hari kuma sai ya ɗan huce kafin a sake amfani da shi. Masu sharhi da dama sun yaba da wannan, kuma sun yi gaskiya, domin jerin ya daɗe yana maimaita kansa. Amma wanda ya saba cin nasara da lissafi zai tarar cewa yanzu saurin yatsa ya shiga gaba.

Sauyi na biyu shi ne faɗin duniyar wasan. A Pokémon X da Y na 2013, ɗan wasa na ratsa yankin Kalos, wanda aka kwaikwayo daga Faransa, da dazukansa da tsaunukansa da gaɓar tekunsa. Birnin Lumiose, mai kama da Paris, zango ɗaya ne kawai a tafiyar. A Z-A kuwa labarin gaba ɗaya a cikin wannan birni yake: da rana a yi farauta a keɓaɓɓun unguwanni, da dare a shiga gasar hawa matsayi daga Z zuwa A. An dawo da rikiɗar Mega da aka fara a X da Y, abin da ya faranta wa tsofaffin 'yan wasa rai. Duk da haka an yi ta ƙorafin cewa gine-ginen birnin sun yi kama da juna, kuma har yanzu jaruman labarin ba su da murya, sai dai a karanta zancensu a rubuce.

Ga matashin da ke Wudil, garin da ke karɓar dubban ɗalibai a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, sauyi mafi nauyi na wajen kuɗi ne. A Amurka ana sayar da wasan dala 60 a kan tsohuwar Switch, dala 70 a kan Switch 2, na'urar da ta fito a watan Yunin 2025 a kan dala 450. A canjin da ake yi lokacin fitowarsa, na kimanin naira 1,500 a kowace dala, kaset ɗaya na Switch 2 ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne. Na'urar kanta ta zarce naira 600,000 tun kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa.

Ba a nan kashe kuɗin ya tsaya ba. Tun kafin wasan ya fito aka sanar da wani ƙarin kashi mai suna Mega Dimension, wanda ake saya daban a kan dala 30. Wasu duwatsun rikiɗa kuma an ajiye su a matsayin ladan gasar intanet, wadda ba a shigarta sai da rajistar da ake biya. Gaskiya ne ana iya kammala ainihin labarin ba tare da intanet ba, amma wanda ke son komai ya cika sai ya ci gaba da zura hannu a aljihu.

A zamanin Game Boy, ciniki ɗaya ake yi a gama. Batir huɗu na rediyo na ɗaukar na'urar sa'o'i masu yawa, kaset na wucewa daga hannun wa zuwa na ƙane, abokai biyu kuma na musayar halittu da 'yar waya guda da ke haɗa na'urorinsu. Switch 2, bisa ƙiyasin Nintendo, tana riƙe caji ne daga sa'a biyu zuwa shida da rabi. A garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ma kuɗi ne, domin mai shagon caji ba ya aiki kyauta.

Akwai kuma batun mallaka. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe shagonsa na intanet na na'urar 3DS, a watan Afrilun 2024 kuma ya kashe hidimar wasa ta intanet a kanta. Ke nan X da Y, tushen labarin Z-A, ba ya samuwa yanzu sai a kaset na hannu. Wanda ya sayi sabon a yau ya kamata ya san cewa ɓangarensa na intanet aro ne, ranar da kamfani ya ga dama zai karɓe.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne cewa a Wudil, kamar sauran garuruwan Arewa, gem na nufin ƙwallon PlayStation a gidan gem ko Free Fire da PUBG a wayar Android. Waɗanda suka san Pokémon da yawansu sun san shi ne ta zanen talabijin ko ta manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori a waya, galibi ba da izinin masu haƙƙin mallaka ba. Kasuwa ce babba da manyan kamfanoni ba su yi lissafi da ita ba wajen yanke farashi.

Wannan giɓi dama ce ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta na jami'ar Wudil. Satoshi Tajiri ya samo tunanin Pokémon ne daga kamun ƙwari da ya yi yana yaro, ƙaramar tawaga ce ta shafe kimanin shekara shida tana gina shi, kuma girman wasan farko bai wuce megabait ɗaya ba. A nan kusa, kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, wasa irin wannan da aka gina bisa al'adun Afirka. Ƙasar da ke da Bayajidda da macijin Kusugu, da Sarauniya Amina, da Gizo da Ƙoƙi, ba ta rasa labari ba.

Abin da ya rage shi ne jami'ar da hukumomin fasaha na jiha su ɗauki ƙirƙirar gem a matsayin sana'a, su sa shi cikin ayyukan kammala karatu, su nemo masu zuba jari. Ma'aunin kuma a fili yake: wasan da zai yi aiki a ƙaramar waya, ba ya cin data, yana magana da Hausa, kuma ɗalibi zai iya sayensa da kuɗin abincin rana ɗaya.