Daga Bakin Allo: Gefen Allo da Albashin Malam

A wannan watan za mu leƙa wani ɗaki da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, alhali kuwa daga cikinsa tuwon gidajenmu ke fitowa.

Mu malaman makaranta a nan Garwa, da 'yan'uwanmu na Marwa da Ngaundere, ba a hannu ake lissafa albashinmu ba. Shekara da shekaru babbar na'ura ce a Yawunde ta riƙa yin wannan aiki da tsarin da ake kira ANTILOPE, kuma a 1988 gwamnati ta kafa cibiyar CENADI don kula da ayyukan kwamfuta na hukuma. Duk wanda ya ga ragin albashin 1993 da karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ya san zafin ɓacewar ko da dala ɗaya.

To, irin waɗannan manyan na'urori na bankuna da ma'aikatu, galibin shirye-shiryensu da harshen COBOL aka rubuta su, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1959. Harshe ne mai tsananin ƙa'ida. Kafin ka ajiye lamba, dole ka yanka mata gurbi tun daga saman shiri, a sashen WORKING-STORAGE, ka raɗa masa suna, ka faɗi lambobi nawa zai ɗauka. Ba a tsiro da gurbi a tsakiyar aiki.

Idan lissafi ya fito a karkace, mai gyara yakan yi abin da muke yi a aji. Mukan ja layi a gefen allo mu rubuta abin da muka riƙe, don mu ga inda yaro ya ɓata. Shi ma yakan buɗe gurbin wucin gadi, ya zuba sakamakon kowane mataki a ciki, ya sa umarnin DISPLAY ya nuna masa. Da haka yake bin sawun kuskure har raminsa.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Mu ɗauki misali. Mai gyara yana sauri, ya yanka gurbi mai cin lambobi biyar, wato PIC 9(5), sai ya zuba 120000 da umarnin MOVE. Na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, za ta sare lambar farko ta bar 20000. Idan kallo kawai yake yi, ya ruɗi kansa, ya shiga neman ɓarawo inda babu. Idan kuwa ya mayar da lambar cikin lissafi ya manta, to mai iyali ya yi asarar jaka ɗari. Garin neman gira an rasa ido.

Haka nan gurbin da ba a ba shi VALUE ba yana iya farawa da tarkacen da ya tarar, kamar allon da 'yan ajin jiya ba su goge ba. Ƙarancin gurbi ne ma ya tayar wa duniya hankali gab da shekarar 2000, domin tsofaffin shirye-shirye lambobi biyu kacal suka ware wa shekara.

Masu harshen sun yi tanadi. Layin da aka sa wa harafin D a shafi na bakwai ba ya aiki sai an rubuta WITH DEBUGGING MODE a saman shirin. Da an cire wannan, na'ura ta ɗauke shi bayani kawai. Ga gogewar allo ba tare da tsumma ba.

Me ya kawo mu nan? Yaranmu Hausawan Kamaru suna shiga makarantun koyon kwamfuta, wasunsu gobe su ne za su riƙe asusun banki ko lissafin manoman auduga na SODECOTON. Tarbiyyar aikin kuwa daga firamare take farawa: ka nuna aikinka, ka sa wa kowace lamba suna, ka bar mata isasshen wuri, ka goge gefen allo in ka gama. Iyaye, ku riƙa duba takardar gwajin yaro, kada ku tsaya ga amsa kaɗai. Mu ma'aikata kuma, mu riƙa bin takardar albashi layi-layi, domin na'ura abin da aka ba ta take mayarwa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Sai wata mai zuwa in muna raye.