Fina-finan da suka yi fice a shekara: Wa ke ƙirga 'yan kallon Shinkafi da Zurmi?

Duk ƙarshen shekara masu sharhi kan fitar da jerin fina-finan Kannywood da suka yi fice da waɗanda suka sha ƙasa. Bayan ra'ayin mai sharhin, ma'aunin yawanci biyu ne: karɓuwar fim a sinimun Kano, da yawan masu kallo a YouTube, inda Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suke tashe tun 2020.

Sai dai a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, fim ya fi isa ga jama'a ta shagon masu tura fina-finai a waya. Mai shago zai sauke shiri sau ɗaya, ya tura wa mutane da dama a memori, su kuma su raba wa abokai ta Xender. A lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla, kuma ko sisi furodusa bai samu daga sauran ba.

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni babu intanet. Duk abin da aka kalla a wayoyi a lokacin bai shiga ƙidayar kowa ba.

Akwai kuma fina-finan Indiya da kamfanoni irin su Algaita ke fassarawa, waɗanda ba kasafai jerin ke ambata ba. Mai Martaba, da Najeriya ta miƙa gasar Oscar a 2024, ya sha yabo a jaridu, amma a shagon tura fim da waɗannan fassarori yake takarar gurbi a memorin ɗan kallo.