Littattafan Dodanni da Soyayya: A Karanta Kafin a Yanke Hukunci



Zancenmu na yau kan wani nau'in ƙagaggen labari ne da ya mamaye kasuwar littattafan Turanci, wanda masu karanta shi ke kira romantasi. Sunan haɗin gambiza ne: soyayya a gefe guda, duniyar tsafi da dodanni da masarautun da babu su a taswira a ɗaya gefen. Yawancinsu an rubuta su ne don waɗanda suka fita daga ƙuruciya amma ba su gama zama manya ba, wato daga shekara 18 zuwa 25 ko sama da haka kaɗan. Kamfanin buga littattafai na St. Martin's Press da ke Amurka ne ya raɗa wa wannan rukuni suna a 2009, lokacin da ya nemi marubuta su kawo labaran da jarumansu ke wannan tsakanin.

Duk inda aka tayar da maganar, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce shara ce, batsa ce da aka yafa wa mayafin tatsuniya. Wasu kuma ba sa son a taɓa littattafan ko da da fure ne. Ni a ganina ɓangarorin biyu duk sun yi gaggawa. Littattafan nan ba shara ba ne, amma kuma ba na yara ba ne, kuma sukar da ta fi amfani a kansu daga bakin waɗanda suka karanta take fitowa.

Bari mu fara da girman abin. Mata biyu 'yan Amurka ne ke jan ragamar wannan kasuwa. Sarah J. Maas ta fitar da A Court of Thorns and Roses a 2015. Rebecca Yarros ta fitar da Fourth Wing a watan Mayun 2023, ta bi shi da Iron Flame a Nuwamban shekarar, sannan Onyx Storm a Janairun 2025, wanda aka sayar da kwafi miliyan 2.7 a makonsa na farko. Babban ɗan tallan waɗannan littattafai shi ne masu karatun kansu, musamman mata matasa a TikTok, a ɓangaren da ake kira BookTok, inda mutum zai ɗauki bidiyon minti ɗaya yana kuka ko dariya kan babin da ya gama. Mutum miliyoyi ba sa tashi haka kawai su sayi littafi mai shafi sama da 500 don a ce sun saya.

To me suke samu a ciki? Dubi Fourth Wing. Violet yarinya ce 'yar shekara 20, mai raunin gaɓoɓi, wadda ta taso da shirin zama ma'aikaciyar ɗakin littattafai. Mahaifiyarta, babbar hafsar soja, ta tilasta mata shiga makarantar mahayan dodanni masu fuka-fuki da aman wuta, inda ɗalibi kan mutu tun a ranar shiga. Marubuciyar da kanta tana fama da ciwon gaɓoɓi irin na jarumar, shi ya sa masu ɗauke da ciwo mai daɗewa ke cewa sun ga kansu a labarin. Ainihin abin da ke riƙe mai karatu shi ne tambayar da duk ɗan shekara 20 ya sani: iyaye sun zaɓa mini hanya, jikina da aljihuna ba su kai ba, yaya zan yi in tsira, kuma wa zan yarda da shi? Dodannin ado ne da aka yi wa wannan tambaya.

Mu Hausawa bai kamata wannan raini ya zama baƙo a kunnenmu ba. Aljanu da ƙasashen al'ajabi suna cikin adabinmu tun Ganɗoki da Ruwan Bagaja na shekarun 1930. Littattafan soyayya kuwa, ai mun ga yadda aka yi musu laƙabi da adabin kasuwar Kano, har aka kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a 2007. Amma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito daga wannan kasuwar, an fassara shi zuwa Turanci a 2012, kuma ana nazarinsa a jami'o'i. Abin da mata suka fi karantawa shi ake fara rainawa, a Kano ne ko a New York.

Sai dai kare littafi daga raini daban, wanke shi tas daban. Masu karatun kansu suna da ƙorafe-ƙorafe, kuma suna da hujja.

Na farko, maimaici. Yarinya da saurayi su fara da gaba, tilas ta haɗa su wuri guda, gabar ta rikiɗe ta koma so. Saurayin kullum dogo ne, mai ɗaure fuska, mai ɓoyayyen ciwo a zuci. In ka karanta biyar, na shida kana iya faɗin ƙarshensa tun daga babi na uku. Na biyu, gaggawa. Wata shida kacal ke tsakanin Fourth Wing da Iron Flame, kuma masu karatu da dama sun ce na biyun yana buƙatar a ƙara masa tacewa. Na uku, sakaci da al'adun da ake ara. An soki Yarros a 2023 kan yadda ta ɗauko sunaye daga harshen Gelik na Sukotilan ba tare da ta iya furta su ba, har ta fito ta ba da haƙuri.

Na huɗu shi ne mafi nauyi: irin namijin da ake koya wa mai karatu ta so. A littafin Maas, Feyre 'yar shekara 19 ce, mazan da ke nemanta kuwa halittu ne masu kama da aljanu da suka haura shekara 500. A yawancin labaran, kishi mai tsanani da iko da sa ido su ake nunawa a matsayin alamar so. Amma a nan ma sai an karanta ake gane bambanci. Waɗanda ba su kai can ba su yafe ni: a littafi na biyu, wanda ya fito a 2016, masoyin farko ya kulle Feyre a gida da sunan yana kare ta, marubuciyar kuma ta nuna wannan a matsayin zalunci, ta sa jarumar ta bar shi. Wanda ya tsaya a bangon littafi ba zai san an yi wannan darasi ba.

Sai batun da iyaye da yayye ya kamata su buɗe kunne. Littattafan nan suna ɗauke da bayanin kwanciya ƙarara. Masu karatu har ma'auni suke da shi, suna sa hoton barkono daga ɗaya zuwa biyar don nuna zafin abin. Matsalar ita ce an fara sayar da jerin littattafan Maas a sashen matasa 'yan sakandare, sai a 2020 aka sake musu bango aka mai da su sashen manya. A Agustan 2024 jihar Utah ta Amurka ta cire littattafai 13 daga dukkan makarantun gwamnati, shida daga ciki na Maas ne. Ban ga laifin a ce littafin manya ba na ɗakin karatun yara ba ne. Inda nake ja da baya shi ne a ɗauki wannan a mai da shi hujjar zagin baligar da ta zaɓi karatunta. Mu ma nan muna da irin wannan cikas, domin labaran Hausa da ake turawa a WhatsApp da Wattpad ba sa tambayar shekarun wanda ya buɗe su.

Don haka shawarata uku ce. Mai suka ya karanta ko da guda ɗaya kafin ya yi magana. Mai so ta yarda cewa faɗin aibin littafi ba ƙiyayya ba ce. Mai tura littafi kuma, musamman a zaure irin namu da ke da manya da ƙanana, ya rubuta a sama ƙarara cewa na manya ne, ya kuma duba wa yake tura wa. Marubutanmu ma akwai abin ɗauka: muna da aljanu, da sarauta, da ganuwa, da mayaƙa irin Sarauniya Amina, ba mu da buƙatar aron dodon kowa.

Yanzu fili naku ne. Wanda ya karanta ɗaya daga cikinsu ya faɗa mana: me ya riƙe ka, me ya ƙona maka rai, kuma ƙanwarka 'yar shekara nawa za ka yarda ka miƙa mata?

Sai mako mai zuwa, in muna da rabon gani.