Kasuwar Bindiga A Amurka Ƙofa Biyu Gare Ta

Jama'a, ku ji yadda ake cinikin bindiga a Amurka. Tun 1968, watau shekarar da aka harbe Martin Luther King da Robert Kennedy, dokar tarayya ta ce duk mai sana'ar sayar da bindiga sai ya yanki lasin. Kowace bindiga ta shiga kantinsa ko ta fita sai ya rubuta ta a littafi, mai saye kuma ya cika takarda mai lamba 4473. Daga 1998 kuwa sai an tambayi hukuma nan take ko mai sayen yana cikin waɗanda aka hana riƙe makami. Madalla.

Amma fa akwai ƙofar baya. In mutum ba sana'arsa ba ce, ya sayar wa ɗan jiharsu da tasa bindigar, tarayya ba ta neman takarda, ba ta neman bincike. An bar wa jihohi. California ta ce ko cinikin maƙwabta ne sai an bi ta hannun mai lasin. Texas ba ruwanta. To, mutumin da ya kashe mutum bakwai a wajen Odessa ta Texas a 2019, an bincike shi a 2014 an hana shi saye. Sai ya je wurin wanda ba shi da lasin ya saya. Ina amfanin mai gadi a zaure alhali katanga a rushe take?

Masu bindiga sun ce suna tsoron gwamnati ta tara sunayensu, wata rana ta bi gida gida ta ƙwace. Ba mu raina wannan tsoro ba. Saboda shi ne dokar 1986 ta hana tarayya yin rajistar masu bindiga. In kanti ya rufe, littattafansa sai a kai Martinsburg, inda ma'aikata ba su da iznin neman mutum da sunansa a kwamfuta. Amma bincike daban, rajista daban. Wanda aka bincika aka ga ba shi da laifi, cikin awa 24 ake shafe sunansa.

Mu dai ra'ayinmu shi ne kowane ciniki ya bi ta wurin mai lasin. An gwada wani abu kusa da haka a 2013, bayan an kashe yara 20 a makarantar Sandy Hook. Sanatoci 54 suka yarda, ana bukatar 60, shirin ya faɗi.