A bar wa motar kasuwa fankarta ta gado

Yau maganata a kan fankar mota ce. Na san wata za ta ce ina ruwan mai tumatir da fanka? To, Hajiya, da ruwanki, domin in injin ya tafasa a daji, asarar direba ta gasket ce, taki kuwa ta jari ce.

A bazarar 2024 na shiga wata Hiace daga wani ƙauye za mu kasuwar Badagishiri, an cika ta da buhunan albasa da kwandunan tumatir. Muna shiga rairayin wani kori sai tururi ya turnuƙe mu. Ashe direban ya sa an cire masa fankar injin an ɗaura ta lantarki, wai don ya rage shan mai, wayar kuma ta ƙone bai sani ba. Tun hantsi muke gindin gawo har la'asar. Wata dattijuwa da ta ci bashi ta sari tumatir ta kalle ni ta ce, "Ɗana, kai da ke magana a rediyo, wa zai biya ni?" Ban samu amsa ba.

Ga yadda abin yake. Fankar gado bel ne ke juya ta daga injin, saboda haka duk lokacin da direba ya taka totur cikin rairayi da giya ɗaya ko biyu, ita ma ƙara gudu take tana jan iska ta cikin lagireto. Ta lantarki kuwa da batir da dinamo ta dogara, kuma gudunta ɗaya ne, ko injin na kuka ko yana hutawa. A kan kwalta, daga Tsarnawa zuwa Tawa, iskar gudu kaɗai na sanyaya ruwa, shi ya sa direba zai rantse cewa sabuwar fankarsa lafiya lau. Amma kayanmu ba a kan kwalta suke farawa ba. Daga gonakin fadama da ƙauyukan Illela da Malbaza ake kwaso su, a hanyar rairayi da duwatsu, cikin watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40.

Ba na cewa fankar lantarki ba ta da amfani. Ƙananan motocin zamani da ita suke fitowa daga kamfani, kuma tana aiki sosai in mota na tsaye cikin cunkoson tashar Ƙonni. Da damina ma, in za a ratsa ruwan kori, ana iya kashe ta, alhali ta gado ruwa kan lanƙwasa fikafikanta su huda lagireto. Matsalar ita ce irin aikin da ake yi mana: a sayo tsohuwar fankar ƙaramar mota, a ɗaure ta da waya a motar da ke ɗaukar buhu 30, ba fis, ba rile, ba na'urar da ke tada ta in ruwa ya yi zafi. Araha dai ba ta ado.

Shawarata ga direbobi: ku bar ta gado a wurinta. In ta yi sanyin jiki, sau da yawa kulocinta ne ya gaji ko bel ya saki, kuma gyaransu bai kai kuɗin buɗe injin ba. Mai son ƙari ya sa ta lantarki a gaban lagireto ta zama mataimakiya, wurin mai gyaran wayar mota da ya san aikinsa. A riƙa wanke ƙura da ƙaiƙayi daga lagireto, kada kuma a buɗe murfinsa yana tafasa, don mutane da yawa sun ƙone a haka.

Mu ma da namu laifin. Mu ne ke matsa wa yaron mota ya ƙara buhu biyu bayan mota ta cika, mu ne ke bin mai rangwamen dala ashirin ko da motarsa na tari. Kafin a ɗora kayanki, Hajiya, tambayi direba ko motarsa na zafi, ki duba ko ya riƙe jarkar ruwa. Shugabannin tasha kuma su riƙa duba motocin da ke shiga daji kafin su ba su lodi.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kai kowa kasuwa lafiya.