Kafin ka zagi janareta, duba bireka da kebul ɗinka

Yau zan ɗan fita daga gyaran waya, amma maganar ta shafi duk mai caji da janareta, a gida ne ko a shago.

Akwai wani mai cajin waya a layinmu, bireka ta ishe shi da faɗuwa. Sai ya cire mai amp 10 ya sa mai amp 32. Faɗuwa ta tsaya, har yana murna. Ba a jima ba ekstenshan ya narke, wuta ta lashi wayoyin mutane, uku daga ciki suka zo teburina. Kowa janareta yake zagi, ni kuwa na ce babu ruwansa.

Ra'ayina shi ne, birekar da ke faɗuwa aikinta take yi. An sa ta ne don ta yanke wuta kafin kebul ya yi zafi ya kama. In ka sa wadda ta fi ƙarfin kebul ɗinka, to kebul ɗin ne zai riga ta ƙonewa.

Lissafin ba wuya. Haɗa wat ɗin kayanka, ka raba da 230, ka samu amp. Misali waya 60, kowace caja na jan wat 20, ka ga wat 1,200 ke nan, amp 5 da ɗoriya. In aka jona dutsen guga mai wat 1,000, kun haura amp 9.

Sai ka tambayi kanka, awa nawa kayan za su yi a kunne? A ƙa'idar aikin lantarki ta Amurka, kayan da za su yi awa 3 ko fiye ba hutawa kada su wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin bireka. Da irin zafin garinmu, mu muka fi buƙatar wannan rata. Wato bireka mai amp 16, tsaya a wajen 13. Fulogi mai ƙafa uku amp 13 ne iyakarsa, in wuni zai yi yana aiki kada ka wuce 10.

Kebul kuma duba kaurinsa. Mai 0.75mm amp 6 yake ɗauka, mai 1.5mm wajen 16, mai 2.5mm wajen 25. Wannan in jan ƙarfe ne na gaske. Kankare zaren da reza kafin ka jona shi, in ka ga fari a ciki alminiyom ne aka shafe, ba zai ɗauki haka ba. Kada ka bar shi a naɗe yana aiki, warware shi duka.

Shi kansa janareta lamba biyu ake rubuta masa. Babbar ta ɗan lokaci ce, ƙaramar ita ce ta aikin wuni. Da ƙaramar za ka yi lissafi.

Na san wani zai ce kebul mai kyau tsada gare shi. Gaskiya ne, amma wallahi bai kai kuɗin biyan mutum waya ɗaya ba, balle uku.

Yau in ka kunna, bayan awa guda taɓa bayan fulogi da robar kebul. In da zafi ko warin roba, ko fulogi yana lilo a soket, kashe ka rage kaya ka kira mai wayarin. Ku faɗa min, amp nawa ce birekar janaretanku?