Gurbi Ya Samu, Ina Kuɗin Bakin Ƙofa?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, hira kan sauya a ofisoshin malamai na makarantunmu, daga Kakuri da Makera har Barnawa, Narayi da Sabon Tasha. Malamin da ya saba zancen ƙarin girma da bashin albashi sai ka ji shi yana tambayar maki nawa ake nema a sashen harhaɗa magunguna. Malama ta ajiye rajistar aji, ta miƙa wa ƙaramin cikinmu wayarta domin ya duba mata ko sunan 'yarta ya fito. Mu ne muke koya wa 'ya'yan jama'a baƙi da wasali, amma idan namu suka isa ƙofar jami'a, da yawanmu kan tsaya cirko-cirko kamar baƙin da suka sauka a tasha da tsakar dare.

Akwai abin da ilimi zai warware a wannan lamari, akwai kuma wanda sai kuɗi. Na farkon ya fi sauƙi. Tun shekarar 2017 hukumar JAMB ta mayar da bayar da gurbi ta manhajarta da ake kira CAPS, kuma duk gurbin da bai bi ta can ba, to hukuma ba ta san da zamansa ba. Yaro yana iya gama karatu ya zo tafiya hidimar ƙasa a ce babu sunansa. Saboda haka duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai samo gurbi ta bayan gida, a ba shi haƙuri. Lambar wayar da aka yi rajista da ita ta zama ta yaron ce ko ta gida, kada a bar kalmar sirri a hannun mai shagon intanet. Sa'an nan a tuna cewa jami'o'in tarayya kan raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta a baya wajen ilimi. Wannan ya shafe mu ƙwarai a wannan tsallake na kogi, inda iyaye da kakanni da yawa masaƙun Kakuri ne suka kawo su daga jihohi daban-daban. Yaron da aka haifa a Nasarawa ko Unguwar Television yana iya riƙe da takardar asalin wata jiha mai nisa, kuma da wannan takarda za a auna shi. Gara a zauna a yi wannan lissafi kafin a cika fom.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. A shekarar 2021 gwamnatin jiha ta ɗaga kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna daga abin da bai kai naira 30,000 ba ga ɗan asalin jiha zuwa naira 150,000 mafi ƙaranci. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000. Na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli ya sauko daga 100,000 zuwa 50,000, na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya daga 75,000 zuwa 37,500. Mun yaba a lokacin, har yanzu ma muna yabawa. Amma a ɗora 105,000 ɗin nan a kan mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 da jiha ta amince da shi a ƙarshen 2024, a kuma tuna abin da kuɗin mota da kwanon masara suka koma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Ba sai mun ƙarasa lissafin ba, kowa yana yin sa a gidansa.

Za a ce ai ga asusun lamunin ɗalibai na tarayya, wato NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Gaskiya ne, kuma muna kira ga 'yan uwa kada su bari 'ya'yansu su yi sake da shi. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na ɗawainiya, ba a kuma fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Sai dai wannan lamuni na wanda ya riga ya shiga ne. Sai yaro ya zama ɗalibi, makaranta ta aika da bayanansa, sa'an nan a duba buƙatarsa. Kafin nan fa? Akwai kuɗin karɓar gurbi, da na tantancewa, da na gwajin asibiti, da na ɗakin kwana ko haya, da katifa da bokiti da kuɗin mota zuwa Zariya ko Kafanchan, sau da yawa har da kuɗin rajistar farko, duka a cikin 'yan makonni masu wa'adi. Wannan shi muke kira kuɗin bakin ƙofa, kuma a nan ne 'ya'yan malamai suka fi faɗuwa.

Bara wata abokiyar aikinmu, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, ta samu labarin babbar 'yarta ta samu gurbin da ta shekara biyu tana nema. Kwasar adashinta sai bayan wata uku. Ta sayar da keken ɗinkinta, bai isa ba, ta je wurin mai ba da bashi da ruwa. Yarinyar ta shiga makaranta, amma har yau uwar ba ta ga albashinta cikakke ba, keken da ke kawo kuɗin cefane kuma ya tafi. Ba ta gaya wa kowa ba sai da abin ya wuce, domin malami yana da kunyar roƙo. Da ta faɗa, da abin da ya rage mata bai fi ƙarfin mutum ashirin daga cikinmu ba.

Ba mu ne farkon waɗanda suka tsaya a irin wannan ƙofa ba. A ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawa matalauta daga gabashin Turai suka yi ta kwarara birnin New York na Amurka, da yawansu suna aikin ɗinki a masana'antun tufafi, kamar yadda iyayenmu suka yi a masaƙa. Banki ba ya kallonsu. A shekarar 1892 wasu 'yan kaɗan daga cikinsu suka haɗa ɗan abin da suke da shi, suka kafa ƙungiyar Hebrew Free Loan Society domin ba da rance babu ruwa, bisa hanin da Attaura ta yi. Ba sa neman jingina, sai dai mai karɓa ya kawo waɗanda za su tsaya masa. Da 'ya'yansu suka fara cin jarrabawa da yawa, manyan jami'o'i irin su Harvard suka ɓullo da dabarun taƙaita yawansu a shekarun 1920, sai iyaye da dama suka karkata zuwa City College, wadda ba a biyan kuɗin karatu a cikinta har zuwa 1976. Ƙungiyar tana nan har yau, tana ba iyaye rancen karatun 'ya'ya, Bayahude da wanda ba Bayahude ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne kuɗin ba ya ƙarewa: wanda ya ranta ya mayar, na bayansa ya ɗauka.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Musulmin cikinmu da Kirista duka sun taso da sanin munin cin ruwa a kan mabuƙaci, kuma adashi tsohon abu ne a unguwanninmu. Aibin adashi kawai shi ne yana bin layi, wa'adin makaranta kuwa ba ya jira. Don haka muke ba da shawara reshe ya kafa asusu na musamman, dabam da na gama kai, wanda ba za a taɓa shi ba sai domin kuɗin bakin ƙofa. Kowane memba ya zuba ɗan abin da taro ya yanke a wata. Mai nema ya kawo takardar gurbi ta JAMB da membobi biyu masu tsaya masa, a biya kuɗin kai tsaye ga makaranta maimakon a damƙa shi a hannu, ya mayar kafin zagayowar shekara ba tare da ƙarin ko kwabo ba. A sa 'ya'yan waɗanda suka yi ritaya da marayun abokan aikinmu a ciki. Kada kuma a bambanta mai tafiya jami'a da mai tafiya kwalejin ilimi ko ta fasaha. Akasarinmu daga kwalejin ilimi muka fito, ko da yake, mu faɗi gaskiya, mu kanmu muna ɗan ɓata fuska idan ɗanmu ya ce can zai tafi.

Mun san abin da za a ce, kuma masu faɗa suna da hujja. Yanke-yanken da ke cikin albashi sun riga sun yi yawa, kuma akwai waɗanda suka taɓa zuba kuɗi a wata ƙungiya suka wayi gari babu kuɗin babu ma'aji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka shiga ta zama ta ganin dama, asusun ya kasance a banki da sa hannun mutum uku daga makarantu daban-daban, a kuma karanta shige da fice a kowane taro, ban da sunayen masu rance. Idan a shekarar farko yara biyar kaɗai asusun ya iya ɗauka, a fara da biyar ɗin.

Za a gabatar da wannan shawara a taron reshe mai zuwa. Muna roƙon wakilin kowace makaranta ya zo da adadin membobin da ke da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare bana, domin a san nauyin da za a ɗauka kafin a yanke abin da kowa zai zuba. Waɗanda suka iya sarrafa CAPS da shafin NELFUND kuma su ba sakatare sunayensu, za a ware musu tebur a bayan zaure, iyaye su zo da takardun yara.